Saba'in Ɗin Gida Ba Saba'in Ɗin Tianhe Ba Ne

Akwai wata muguwar fatawa da ke yawo a tsakaninmu a nan Tianhe, tun daga Shipai inda Jami'ar Jinan take har zuwa Wushan. Sabon ɗalibi bai gama ajiye jakarsa ba, wani yaya da ya riga shi zuwa zai ja shi gefe ya ce masa, "Kada ka wahalar da kanka, a nan 60 kawai ake nema, in ka samu 70 ai ka ci A." Ni dai ina ganin wannan magana cuta ce, kuma lokaci ya yi da za mu daina gadar da ita ga ƙannenmu.

Mu fara da abin da muka baro a gida. A yawancin jami'o'in Nijeriya, 70 zuwa sama A ne, yana da maki 5. 60 zuwa 69 B ne, maki 4. 50 zuwa 59 C ne, maki 3. Wanda ya tara 4.50 ya fita da digiri mai daraja ta ɗaya, 3.50 zuwa 4.49 kuma daraja ta biyu babba. 'Yan'uwanmu na Nijar su ma da nasu: bisa 20 ake auna su, 10 ne ci.

A ƙasar Sin lamarin ba haka yake ba. A nan 60 shi ne bakin rijiya, wanda ya gaza shi ya faɗi. Daga 60 zuwa 69 ka tsallake ne kurum. 70 zuwa 79 matsakaici. 80 zuwa 89 da kyau. Sai 90 zuwa sama ake cewa ka yi fice. Wato saba'in ɗin da ake yi wa murna a Kano ko Zariya, a nan ba a ko ɗaga kai a dube shi.

Jami'o'i da yawa a nan suna fitar da GPA kamar haka: a cire 50 daga makin da ka ci, a raba sauran da 10. Ke nan 60 ya zama 1.0, 70 ya zama 2.0, 85 ya zama 3.5. Daga nan sai a ninka na kowane kwas da yunit ɗinsa, a haɗa, a raba da jimillar yunit. Ɗauki misalin ɗalibin da ya ci 65 a lissafi mai yunit 5, ya ci 92 a Sinanci mai yunit 2, ya ci 95 a motsa jiki mai yunit 1. In ya haɗa ukun ya raba, zai ga 84, ya kira gida ya ce abubuwa na tafiya. In ya auna da mudun Nijeriya, zai samu 4.38. Amma a ofishin makaranta lissafin shi ne 7.5 da 8.4 da 4.5, jimla 20.4, a raba da 8: 2.55 ke nan. Ɗalibi ɗaya, jarrabawa ɗaya, amma dubi tazarar 4.38 da 2.55! Kwas mai nauyi guda ya janyo sauran ƙasa. Wasu jami'o'in kuma bisa 4 suke aunawa, da nasu jadawali daban. Duk wannan yana cikin littafin dokokin ɗalibai da aka raba mana a makon farko. Mu nawa ne muka buɗe shi?

Sai batun makin aji. A mafi yawan kwasa-kwasai, wani kaso na sakamako yana fitowa ne daga halartar aji da aikin gida da ƙananan gwaje-gwaje. Wanda ya bar lacca ya tafi Xiaobei ko Sanyuanli raka Alhaji sayen kaya da yi masa tafinta, ya sani da makinsa yake biyan wannan la'ada. Ban ce neman na kai laifi ba ne. Amma bizar karatu muka shigo da ita, kuma iyayenmu karatu suka turo mu.

Masu wannan fatawa suna da hujjoji, bari mu duba su. Na farko, sukan ce ko ka faɗi akwai jarrabawar gyara. Gaskiya ne akwai. Sai dai dokar da Ma'aikatar Ilimi ta ƙasar Sin ta fitar a 2017 ta wajabta wa jami'o'i su sa alama a kan duk makin da aka samu ta hanyar gyara ko maimaita kwas. Tabon yana nan a takardar sakamakonka, duk inda ka kai ta za a gani.

Na biyu, sukan ce su kansu Sinawa suna da kirarin "ran sittin ya daɗe". Haka ne, amma ba'a ce ta ɗalibai. Je ka laburare ka ga yadda masu wannan kirari ke cika kujeru har dare, domin sun san da ɗigon maki ake raba gurbin digiri na biyu. Har Jami'ar Peking ta sanar a 2025 cewa za ta daina amfani da GPA ga sababbin ɗalibanta, saboda tseren ya yi yawa. Su yawan gudu ne matsalarsu, mu kuwa ko tashi ba mu yi ba.

Na uku, sukan ce kwalin digiri kawai ake tambaya a gida. Wannan ita ce ta fi kowacce cutarwa. Mai tallafin karatu na gwamnatin Sin ana bitar sakamakonsa kowace shekara, kuma ana iya dakatar da tallafin. Wanda zai yi hidimar ƙasa sai Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya a Abuja ta tantance takardunsa. Mai neman digiri na biyu a Ingila ko Jamus, takardar sakamako za a fara nema. Kuma a nan ne ƙwazon mai ƙwazo ma ke iya salwanta: wanda ya riƙe 85 tsawon shekara huɗu ya yi namijin ƙoƙari, amma in jami'i a gida ya ga 3.5 bisa 5 ba tare da bayani ba, zai sa shi a gindin daraja ta biyu babba. Lamba ba ta magana sai da mudun da aka auna ta.

Don haka ga kirana. Kowa ya buɗe littafin dokokin jami'arsa ya nemo yadda take lissafi, ya riƙa fitar da GPA ɗinsa da kansa a ƙarshen kowane zango. Kowa ya san kwasa-kwasansa masu yunit da yawa ya ba su haƙƙinsu. Kada wanda ya kammala ya bar Guangzhou sai da takardar sakamako mai hatimi, haɗe da bayanin ma'aunin jami'ar da Turanci. Shugabannin ƙungiyarmu kuma, kamar yadda kuke nuna wa sababbi inda ake samun naman halal da masallacin Juma'a, ku ware zama guda kowace Satumba ku koya musu wannan lissafi. Yayyenmu masu fatawar sittin, ku ji tsoron Allah a kan yaran mutane. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, Ya mai da mu gida lafiya, amin.