Kalmomi ma jari ne, a duba rumbun yaranmu

Yau batun wata kalma ce da yaranmu ke kawowa daga makaranta, wadda malamin Turanci ke cewa vocabulary, malamin Larabci kuma ya ce mufradat. Ma'anarta ita ce tarin kalmomin da mutum ya sani a wani harshe. Ana kuma kiran jerin kalmomi da fassararsu da wannan suna. Shi ya sa littafin da Schön ya fitar a 1843, ɗaya daga cikin na farko da Turawa suka yi a kan Hausa, yake ɗauke da kalmar a bangonsa, haka ma ƙamusun Bargery na 1934 mai kalmomi sama da 30,000.

Amma fassarar da ta fi dacewa da ɗan kasuwa a wajen Indiyawa take. Wanda ya taɓa sayen yadi a Umdurman ko Bur Sudan ya san su, galibinsu mutanen Gujarat ne, kakanninsu sun sauka Sawakin tun ƙarni na 19. A harshensu na Gujarati ana cewa shabda-bhandol. Shabda ita ce kalma, bhandol kuwa asusu ne ko jari. Wato jarin kalmomi ke nan. To kun ji. Kowa a cikinmu ya san halin jari: in ana juya shi ya ƙaru, in an bar shi a kwance ana ci daga jikinsa, wata rana a wayi gari babu.

Mu duba namu jarin. Bayan yaƙin Burmi a 1903, Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, ya jagoranci jama'a zuwa gabas har suka kafa garin Mai Wurno kusa da Sinnar. Da aka buɗe madatsar Sinnar a 1925 aka fara noman auduga a Jazira, maniyyata masu tafiya Makka a ƙasa suka yi ta tsayawa neman guzuri, da yawa suka zauna. Ƙauyukanmu na wajajen Wad Haddad zuwa Shuɗin Nilu daga nan suka samo asali. Yau fiye da shekara 100 ke nan, kuma har yanzu ana Hausa. Alhamdu lillahi.

Sai dai a saurari yaro yana magana. Zai ce suk maimakon kasuwa, gurush maimakon kuɗi, dura maimakon dawa, weka maimakon busasshiyar kuɓewa. Farfesa Al-Amin Abu-Manga ya rubuta littafi guda a 1999 a kan yadda Hausar Sudan ke jingina da Larabci. Aro ba laifi ba ne, ai ashirin da talatin da littafi duk daga Larabci muka karɓo su tun da daɗewa. Mu ma mun ba da namu: ga agashe nan ana sayarwa a titunan Khartoum da sunansa na Hausa. Hawasha da tur'a kuwa a nan muka tarar da su, dole mu kira su da sunan da ake kiransu. Inda ake asara shi ne in kalmar aro ta shigo ta kori 'yar gida, har yaro ya ji ana cewa ɗiyan wance ko tsaba ko lamuni ya tsaya yana kallo.

Masana harshe sun raba jarin gida biyu. Akwai kalmomin da mutum ke ji ya gane, akwai waɗanda yake iya fitarwa da bakinsa. Na farkon kullum sun fi yawa. Yaron da ake yi wa Hausa yana amsawa da Larabci, kayansa na cikin sito amma bai baje su a rumfa ba. Ɗansa kuwa ko siton ba zai gāda ba.

Wani zai ce, to me ye a ciki? Tun da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilun 2023, har ya iso Wad Madani a Disamban wannan shekarar, iyalai sun watsu, wasu sun doshi Chadi da Nijar da Najeriya. Wanda ya isa Kantin Kwari ko Dawanau da Hausa cikakkiya, ya san bambancin “sallama” da “albarka” a bakin mai kaya, zai yi ciniki ranar da ya sauka. Wanda bai da ita sai ya nemi tafinta a garin kakanninsa, kuma dillali ba ya aiki kyauta.

Ga abin da kowane gida zai iya, ba kuɗi ba littafi. Uwargida, in kina tuƙa tuwo kira muciya da mara da sunansu, ki sa 'yarki ta maimaita. Maigida, in yaro na tsaron rumfa ka sa shi ya ƙirga kuɗi ya faɗi riba da faɗuwa da Hausa. A koya musu kawu da baffa da gwaggo da inna, kada kowa ya zama khal da amm. In za a aika saƙon murya ta WhatsApp ga dangi a Kano ko Maraɗi, a miƙa wa yaro wayar ya yi gaisuwa da kansa. Tsofaffi kuma a bar su su yi tatsuniya da dare, don a nan kalmomin da ba a ji a kasuwa suke. Kalma uku a rana, a shekara sun haura 1,000.

Larabci dole ne a nan, Turanci ma yana da ranarsa, kowa ya koya wa ɗansa. Amma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah Ya kawo zaman lafiya a Sudan, Ya sa albarka a kasuwa. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.