A Duba Ɗaki Kafin A Sayi Makirufo

Jama'a, tun da Fancy Gadam ya ci kyautar waƙar shekara ta Gana a 2018, samarin Sakasaka suka duƙufa naɗar waƙa a ɗakunansu. Sai mu ga yaro ya kwashi adashinsa kaf ya sayo makirufo kwandensa. To, kwandensa kunnen zomo gare shi: babur, yelo-yelo, fanka, ruwa kan kwano, duk zai ɗauka, ga shi sai da wutar bolt 48. Shawararmu, a nemi dainamik irin Shure SM58. Shi bakin da ke kusa yake saurare, kalangu da ganga ma ba sa fin ƙarfinsa. A yi hattara da jabu, a gwada kafin a biya. Sai wata mai zuwa.