Wa Ke Riƙe da Dokar Dara?

Filin dara gurbi talatin ne, layi biyar, kowanne da gurbi shida. Kowane ɗan wasa yana da 'ya'ya goma sha biyu, wannan da karare, wancan da tsakuwa ko ƙodago. Ana fara zubi ɗaya bayan ɗaya har a cike gurbi 24, a bar shida a buɗe, sannan a shiga tafiya: taku ɗaya gaba, ko baya, ko gefe, babu karkace, babu tsallake. Wanda ya jera uku ya ci, sai ya cire ɗa guda na abokin karawarsa. Wanda 'ya'yansa suka kasa uku, tasa ta ƙare. Kusan iyakar abin da 'yan dara suka haɗu a kansa ke nan, daga Bungudu har Maraɗi. Abin da ya biyo baya kuwa gardama ce.

Idan mutum ya jera huɗu fa? Wasu sun ce takun ya halatta, sai dai bai ci komai ba. Wasu sun ce takun ma haramun ne, a mayar da ɗan inda ya fito. Idan taku ɗaya ya rufe jeri biyu, na tsaye da na kwance, ɗa guda za a ci ko biyu? Ɗan da ke cikin jerin uku yana da kariya, ko shi ma ana iya cire shi? Wanda ya taɓa ɗa dole ne ya tafi da shi? Wanda aka toshe, ba shi da inda zai motsa, ya faɗi ke nan ko juyi kawai ya rasa? Kowace majalisa tana da amsarta, kuma kowace tana rantsuwa cewa tata ce ta kaka da kakanni.

Ra'ayina shi ne lokaci ya yi da za a rubuta waɗannan amsoshi. Amma rubuta dokar wasa abu ne mai nasa haɗarin, kuma akwai waɗanda suka riga mu shan wannan wahala, gara mu leƙa mu ga yadda suka kwashe.

A shekarar 1824 wani hafsan soja na ƙasar Purusiya, a Jamus ta yau, mai suna Georg von Reisswitz, ya wallafa dokokin wani wasan yaƙi da ake kira Kriegsspiel. Taswirar ƙasa ta gaske ake shimfiɗawa, a jera 'yan gutsattsarin darma ja da shuɗi a matsayin rundunoni, a jefa ɗan lido don a san yadda arangama ta kaya. A tsakanin ɓangarorin biyu akwai alƙali, shi kaɗai ke ganin filin duka. Sojojin ƙasar suka karɓi wasan don horar da hafsoshi. Sai dokoki da jadawalin lissafi suka yi ta ƙaruwa, har wasan ya zama nauyi, hafsoshi suka soma gudunsa. A 1876 wani hafsan, Verdy du Vernois, ya kawo gyara: a rage dokokin, a bar gogaggen alƙali ya yanke hukunci da saninsa. Wato bayan shekara hamsin da 'yan kai suna tara doka, sai suka komo inda majalisar dara take zaune tun fil azal, gaban dattijon da ya san wasa.

Jikokin wannan wasa suna nan da ransu. Marubucin Ingila H. G. Wells ya fitar da littafinsa Little Wars a 1913, na wasa da sojojin gwangwani da 'yar igwa mai harba tsinke. A 1987 kamfanin Games Workshop ya fito da Warhammer 40,000, inda manya masu gemu ke fente 'yan mutum-mutumi da hannunsu, su auna tazara da awon inci, su jefa ɗan lido. Dokokinsa sun kai bugu na goma a 2023, kuma tsakanin bugu da bugu kamfanin ba ya fasa sakin takardun gyara da amsoshin tambayoyi. Wannan ya sa baƙo daga Amurka zai iya zama da baƙo daga Jamus su kara ba tare da sun taɓa haɗuwa ba. Ya kuma sa dokar ta zama haja: mai kamfani ne ke da ita, in ya sauya ta dole ka sayi sabon littafi, kuma wanda ya fi haddar shafuka kan doke wanda ya fi dabara.

To me ya kai mu can? Abin da ya riƙe dara ba tare da takarda ba shi ne zaman wuri ɗaya. Mutanen da suka shekara talatin suna haɗuwa a gindin bishiya guda bayan la'asar ba su buƙatar littafi, domin duk wata gardama an taɓa yin ta, an kuma san wanda ya yanke ta. Wannan zama shi ne rashin tsaro ya tarwatsa a Zamfara. Mutanen ƙauyuka sun kwararo Gusau da Tsafe da cikin garin Bungudu, kowa da kalar darar garinsu a ka. Dattawan da ke raba gardama wasu sun rasu, wasu sun watse gidajen 'ya'yansu, kuma zaman yamma a bayan gari ba abin da kowa ke yi da kwanciyar hankali ba ne yanzu. Na san wani zai ce mutanen da suka rasa gona da shanu ina ruwansu da dokar jeri huɗu. Gaskiya ne, ba ita ce damuwarsu ta farko ba. Sai dai gona ana iya komawa a nome ta in hankali ya kwanta, abin da ke kan dattijo kuwa tare da shi ake binnewa.

Akwai kuma wata matsalar da ba a cika lura da ita ba. Mai neman dokar dara a intanet yau zai same ta, amma da Turanci, a taƙaice, yawanci ana jingina wasan ga Dakarkari na ƙasar Zuru, kamar babu kowa da ke yin sa sai su. Duk matashin da ya tashi gina manhajar dara a waya daga can zai kwafa, domin kwamfuta ba ta san "ya danganta da majalisa" ba, amsa ɗaya take so. Yaran da za su koyi wasan a waya za su ɗauka wannan ce dara, ta kakansu kuma kuskure ce. Ka ga dara ta ci gida.

Ba kuma sabon abu ba ne a wurinmu a tsara wasan gargajiya ya ƙara daraja. Nijar ta fara gasar kokawa ta ƙasa a Tawa a 1975, zamanin Seyni Kountché, da alƙalai da ƙa'idoji da takobin da zakara ke ɗauka, ga shi har yau ƙasar kan tsaya cik idan ana yin ta. Dara tana da ƙarin dalili ma. Tun da Zamfara ta ƙaddamar da shari'a a 1999 caca haramun ce a dokar jiha, kuma ba a rasa masu yi wa duk wani taron wasa kallon taron caca. Dara ba ta da ɗan lido, babu sa'a a cikinta, lissafi ne zalla. Rubutacciyar ƙa'ida da gasa a fili, ba kuɗi a ƙasa, su ne za su raba ta da wannan zargi.

Abin da nake nema ƙarami ne. Masu nazarin Hausa a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato da Jami'ar Tarayya ta Gusau su tura ɗalibai majalisu a Bungudu da Kwatarkwashi da Nahuce da Tsafe, su yi wa 'yan dara waɗancan tambayoyi, su rubuta amsar kowane gari da sunansa. Kada a zaɓi ɗaya a naɗa mata rawani. A ware abin da kowa ya yarda da shi, wanda bai wuce shafi ɗaya ba, sauran kuma a jera su a matsayin zaɓi da 'yan wasa za su daidaita a kai kafin a zuba ɗan farko. Abin da takarda ba ta hango ba a bar wa alƙalin da ɓangarorin biyu suka amince da shi.

Inda za a fi shan wuya shi ne doki. Wannan shi ne sa'ad da mutum ya tsara 'ya'ya biyar, biyu a layi ɗaya, biyu a layin da ke kusa, na biyar yana kai da komo tsakaninsu, duk takun da ya yi sai ya rufe uku ya ci. Mai manhaja zai so ya taƙaita shi, don yana ganin ya kashe wasa. Ni ina ganin a bar shi yadda yake. Wanda aka hau wa doki tun a wurin zubi ya yi sake, kuma rabin gwanintar dara hana abokin karawa ɗaura wannan sirdi ne.