Rarrabuwar Hankali a Ɗakin Tuƙin Jirgin Sama

Dokar zirga-zirgar jiragen sama ta Amurka ta haramta wa matuƙi wuce gudun not 250, wato kimanin kilomita 463 a sa'a, muddin jirgi bai kai tsayin ƙafa 10,000 ba, domin a wannan sarari ne jirage ke cunkushewa, kuma lokacin hango wani jirgi da kauce masa ba shi da yawa. Sai dai a daidai lokacin hawa ne ayyuka ke taruwa wa matuƙa: naɗe faffaɗan ƙarin fukafukai, sauya tashar rediyo, amsa umarnin masu kula da sararin samaniya, yayin da injuna ke aiki da ƙarfi sosai, ta yadda gafalar 'yan daƙiƙoƙi ta isa gudu ya zarce iyaka.

Tun 1981 hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta Amurka, wato FAA, ta hana matuƙa hira da duk wani aikin da ba na dole ba a ƙasa da wannan tsayi, bayan haɗarin jirgin kamfanin Eastern a birnin Charlotte a 1974. Dokar ta yi daidai, amma hira da ayyukan da ba na dole ba kaɗai ta magance. Yawan aiki kuwa, wanda shi ma yake kawar da ido daga ma'aunin gudu, yana buƙatar kamfanoni su horar da matuƙi na biyu ya riƙa faɗin gudun da murya.