Kwana uku a Langkawi: ku yi maganar kuɗi kafin ku ɗaure jaka

1/ Hutun ƙarshen zango ya matso, na ga an fara "ina za mu je bana?" a guruf-guruf. Kafin ku tara kuɗi ku ɗan saurare ni. Bara mu shida muka je tsibirin Langkawi. Hotuna sun yi kyau, amma saura ƙiris mu rasa aboki guda. Kuma da hannuna a ciki. Zare ne, ku yi haƙuri da tsawonsa 🧵

2/ Ga ra'ayina tun farko don kada na ja ku da nisa: in abokai za su yi tafiya tare, aljihun wanda ya fi kowa ƙaramin ƙarfi shi ne ma'auni. Kuma maganar kuɗi tun a ɗaki ake yin ta, kafin a sayi tikiti. Na san wasu har sun fara haɗa martani. Ku bari na ba ku labarin tukuna.

3/ Ga wanda bai san wurin ba: Langkawi tarin tsibirai 99 ne a jihar Kedah, arewa maso yammacin Malesiya, dab da iyakar Tailan. Ga mu da ke karatu a arewacin ƙasar, nan ne wurin shan iska mafi sauƙi. Mota zuwa Kuala Perlis, sai jirgin ruwa na awa ɗaya da 'yan mintuna, ka sauka a garin Kuah.

4/ Mu shida duk Hausawa ne, gini ɗaya muke kwana, tukunya ɗaya muke ci ranar Juma'a. Ba zan kama sunan kowa ba. Wanda labarin ya shafa zan kira shi Malam, don shi ke jan mu salla. Ya karanta zaren nan kafin na saka, ya ce na saka.

5/ Shirinmu gaba ɗaya layi biyu ne a WhatsApp. Kowa ya kawo ringit 300 na masauki da hayar mota da mai. Layi na biyu: "Sauran kuma sai mun je." Ni na rubuta wannan layin. A lokacin gani nake na sauƙaƙa wa kowa. Ashe rami na haƙa.

6/ Ranar farko lafiya lau. Muka tsaya a Dataran Lang, dandalin da ke da ƙaton mutum-mutumin mikiya mai tsayin mita 12, aka sha hotuna. Da yamma muka sauka gaɓar Pantai Cenang muka kalli faɗuwar rana. Duk wannan ko sisi ba a biya. Kowa na dariya, har da Malam.

7/ Rana ta biyu muka nufi SkyCab, wato akwatunan nan masu tafiya a jikin igiyar ƙarfe da ke hawa da mutum saman dutsen Machinchang, kusan mita 700. A can sama akwai gadar Sky Bridge mai lanƙwasa, tsawonta mita 125, tana reto a kan daji. Ita ce hoton da kowa ke zuwa nema.

8/ Da muka isa tagar tikiti sai muka ga farashi biyu ne. Na ɗan ƙasa daban, na baƙo daban, kuma na baƙo ya fi tsada sosai. Gadar ma da nata kuɗin. Babu wanda ya duba wannan kafin mu taso, don ai "sai mun je".

9/ Nan Malam ya ja da baya ya ce, "Ku hau kawai mutanena, ni wallahi tsoron tsayi nake." Muka fashe da dariya. Aka yi ta tsokanarsa, wani ma har da bidiyo. Muka bar shi a ƙasa riƙe da jakunkunanmu kusan awa uku.

10/ Da daddare ɗayanmu ya ce ai ba a zuwa tsibiri a tafi ba a ci kayan teku ba. Aka yi odar jatan lande da kaguwa da ƙaton kifi. Malam ya ce cikinsa ba daɗi, ya karɓi soyayyiyar shinkafa da ruwa. Da takardar kuɗi ta zo, wa ya ce "a raba shida kawai, kada a tsaya lissafi"? Ni.

11/ Ya biya. Bai ce uffan ba. Ya buɗe walat ya ƙirga ya ajiye, har da murmushi.

12/ Washegari da safe muka je Telaga Tujuh, rafin nan mai gangarowa daga dutse da ke da tafkuna bakwai a sama. Sai dai akwai matakala sama da 600. Muna haki muna zama a hanya, Malam ya riga kowa kaiwa. Na iske shi tsaye kusa da bakin dutse yana leƙa ƙasa yana ɗaukar hoto.

13/ Mai tsoron tsayin kenan fa.

14/ A nan jikina ya yi sanyi. Na fara haɗa lissafi: tsoron tsayi, ciwon ciki, da "ciwon kan" da ya riga ya sanar zai hana shi shiga kwalekwalen Kilim da rana. Duk cutukan nan uku a bakin tagar biyan kuɗi suke kama shi. An ce labarin zuciya a tambayi fuska, mu kuwa fuskar wayoyinmu muke kallo.

15/ Sai bayan mun dawo da sati biyu na ji sauran. Kuɗin da ya zuba a abincin daren nan, na cefanensa ne na ƙarshen wata. Taliyar leda ya yi ta ci a ɓoye. Ringit 300 ɗin farko ma rance ya yi, don kada a ce shi kaɗai ne bai je ba.

16/ Wanda ba ya waje ba zai gane ba. A watan Yunin 2023 aka saki Naira ta nemi farashinta a kasuwa. Dala da take wajen Naira 460 a hukumance, kafin Fabrairun 2024 ta ƙare ta haura 1,500. Uban da ke turo kuɗi iri ɗaya kowane wata, abin da ke isa hannun ɗansa ya koma kusan kashi ɗaya cikin uku.

17/ To a cikinmu akwai mai tallafin karatu da ake biya da ringit, akwai wanda gidansu ko a jikinsu, akwai kuma wanda mahaifinsa ɗan fansho ne. Aji ɗaya, ɗaki ɗaya, riga ma kusan iri ɗaya. Ido ba ya ganin bambancin. Tafiya ce ke tona shi, don a tafiya kowace awa sai an buɗe walat a gaban jama'a.

18/ Yanzu ga martanin da na san zai zo. Na farko: "Ai laifinsa ne, me ya hana shi faɗa?" Tsakaninka da Allah, kai za ka faɗa? Mu da aka raina da cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba? A gaban mutum biyar da layin baƙi a bayanka, ka ce "ba ni da shi"?

19/ Kunya da kara tarbiyya ce mai kyau, ba na zagin su. Amma a harkar kuɗi tsakanin abokai, mara ƙarfi kaɗai suke ci. Mai kuɗi in ya yi kara, ɗan canji ya rasa. Mara shi in ya yi kara, abincin sati biyu ya tafi. Shi ya sa nauyin buɗe maganar yake kan mai shirya tafiya.

20/ Martani na biyu: "Wanda ba shi da hali ya zauna a gida mana." Wannan ta fi ba ni haushi. Mutumin da ya kwana da kai a asibiti, ya koya maka lissafi daren jarrabawa, shi za ka ce ya zauna gadin ɗaki saboda kaguwa? In tafiyar ta abokai ce, a yanka ta daidai abokan da ake da su.

21/ Martani na uku ya fi ƙarfi, kuma na yarda da rabinsa: "Ni na tara kuɗina, wataƙila ba zan sake zuwa Langkawi ba har abada. Don me za a hana ni hawa SkyCab?" Gaskiya ne. Babu mai hana ka. Mai hali ma yana da haƙƙi, kuma ba dole ba ne ya zama bankin guruf.

22/ Abin da nake cewa shi ne a raba tafiya gida biyu. Akwai abin da kowa zai yi tare: masauki, mota, abinci. Wannan a auna shi da mafi ƙaramin aljihu. Akwai kuma na ganin dama, a rubuta shi da farashinsa tun sati biyu kafin tafiya. Mai so ya shirya, wanda ba ya so ya ce "ban da ni" tun a ɗaki.

23/ "Ban da ni" a WhatsApp ana saura sati biyu ba ta da ciwo. Babu mai tambayar dalili. A bakin tagar tikiti kuwa sai mutum ya ƙirƙiro cuta. Bambancin kenan, kuma ba ya cin ko sisi.

24/ Sannan a daina "a raba daidai" a wurin cin abinci, sai in kowa abu ɗaya ya ci. Tana kama da zumunci, amma ma'anarta mai shinkafa ya tallafa wa mai jatan lande. Kowa ya biya abin da ya ci. In kana son ɗaukar nauyin teburi, ɗauka duka ka ce yau naka ne.

25/ In kuma ka lura wani na ja da baya kana son taimaka masa, kada ka yi a bainar jama'a. "Bari na biya maka" da ƙarfi a gaban mutane ta fi barin sa a ƙasa ciwo. Ku naɗa ma'aji guda mai riƙe sirri. Mai hali ya ƙara a asusu a ɓoye, ma'aji ya sayi tikiti shida, magana ta ƙare.

26/ Ku kula da tarkon tsaraba ma. Tun 1987 aka cire wa Langkawi harajin kaya, shi ya sa cakulan da turare suke araha a shagunan Kuah. Arahar ce ke sa mutum sayen abin da bai yi niyya ba. Mun shafe awa biyu muna cika kwanduna, Malam na waje wai yana amsa waya.

27/ Abin da ya fi tsaya min: da na zauna ina tuna tafiyar, abubuwan da suka fi daɗi kusan duk na kyauta ne ko na ɗan canji. Ruwan sanyin Telaga Tujuh. Birin da ya fizge ledar burodinmu. Kasuwar dare, wadda kowace rana take ci a unguwa daban, inda muka ƙoshi da satay da apam balik da kuɗi kaɗan.

28/ Kwalekwalen Kilim kuwa, wurin yana da kyau, ba ƙarya. Dajin da ke tsirowa cikin ruwan gishiri, ga duwatsu da kogon jemagu. Yana cikin abin da ya sa UNESCO ta saka Langkawi a jerin wuraren tarihin ƙasa a 2007. Amma mu kusan duk ta bayan waya muka kalle shi.

29/ Har da wurin da ake watsa fatar kaza a ruwa don shirwa su sauko a ɗauke su hoto, abin da masu kare namun daji suka daɗe suna suka. Mun biya, mun ɗauka, mun saka. A daidai lokacin abokinmu na kwance a masauki da ciwon kan da babu shi.

30/ Ga kuma inda hoton ke zuwa. Wani ya saka hotonmu na rukuni a gaban mikiya, ya yi wa Malam alama. Daga gida aka kira shi: "Ashe kana can kana shaƙatawa." Mutumin da ke cin taliyar leda. Kafin ka saka hoton wani a wurin hutu, tambaye shi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

31/ Na same shi bayan sallar isha'i na ce, "Malam, na cuce ka a Langkawi, ka yafe min." Ya yi dariya ya ce, "Haba mutumina, ai ya wuce." Da na matsa sai ya ce, "Da kun faɗi lissafin tun a ɗaki, da na san abin da zan iya. Ni gadar nan fa na so na hau."

32/ Wannan jimlar ta ƙarshe har yau tana damuna. Mun yi masa dariya da bidiyo a kan abin da yake so ya kasa.

33/ Bana Penang muke shirin zuwa, mu shidan dai. An naɗa ma'aji. Kowa ya tura masa iya abin da zai iya a ɓoye, shi kuma ya gina tafiyar a kan mafi ƙanƙanta ba tare da ya faɗi na waye ba. Jerin abubuwan ganin dama na nan a guruf da farashinsu. Mutum biyu sun riga sun ce "ban da ni" a wasu, ba wanda ya tanka.

34/ Ni ma na rubuta "ban da ni" a guda ɗaya, don wannan zangon nawa aljihun ne ya yi ƙasa. Ban ji komai ba wajen rubutawa.

35/ In kuna da tafiya a gaba, ko Langkawi ce ko Yankari, ku tura wannan zaren a guruf ɗinku, sai ya buɗe muku maganar. Ku kuma faɗa min: an taɓa raba muku kuɗin abin da ba ku ci ba? Ko kuwa ku ne irina, masu cewa a raba shida?