Gem Wasan Yara Ne?

Malam Edita, ka ɗan ba ni fili in amsa wata magana da ta daɗe tana yawo a kwalejin nan. Tun da aka ji cewa na taɓa zuwa Amurka gasar gem, mutane sun rabu biyu a kaina. Waɗansu, har da malamanmu da na ke girmamawa, suna cewa abin kunya ne mai shirin riƙe alli ya ƙetare teku don wasan yara. Waɗansu kuwa, yawancinsu 'yan ajin farko, sai su tare ni a hanyar ɗakin cin abinci su ce, "Yaya, dala nawa ka samo? Ta ina a ke bi?" Ni dai ban yarda da ko ɗaya cikinsu ba.

Taron da na je sunansa Evo, a birnin Las Vegas, daga ran 4 zuwa 6 ga Agusta, 1923 ba, 2023 na ke nufi, gama abin ba tsoho ba ne: a 1996 aka fara shi a Kalifoniya, ɗan ƙaramin taro, a 2002 ya sami sunan nan nasa. Wasannin da a ke yi can na faɗa ne, watau mutum biyu su zauna gaban allo ɗaya, kowa da hannun gem nasa, kowa yana sarrafa ɗan dambensa har ɗaya ya kā da ɗaya. Abin da ya bambanta shi da gasar ƙwallo shi ne ƙofarsa a buɗe ta ke. Ba a tambayarka ƙungiyarka ko shaidar gwanintarka. Ka biya kuɗin shiga, an rubuta sunanka, mai yiwuwa kuwa zakaran duniya ne zai zauna kusa da kai. A wasan da na shiga, Street Fighter 6, mu fiye da 7,000 ne. Yayata mai aikin jinya a can ita ta ɗauki nauyin jirgi da masauki. Da ba don ita ba, da ko filin jirgi ban gani ba.

To, 'yan ajin farko, ku fito da allo mu yi lissafi. Dokar gasar ita ce, in an cinye ka sau biyu ka fita. A zagayen farko rabin mutane za su faɗi. Waɗanda suka faɗi su kara da juna, rabinsu su sake faɗuwa. Ashe ke nan wajen kashi ɗaya cikin huɗu na masu gasa za su koma gida ba su ci kowa ba. Cikin 7,000, mutum wajen 1,750 ke nan, kowa da kuɗin jirginsa da na otal. Ni na ci biyu, aka cinye ni biyu, in an haɗa dukan zaman da na yi a kujerar gasa bai kai minti arba'in ba. Kuɗin kyauta kuwa 'yan ƙalilan na can sama kaɗai ke taɓa shi. Saboda haka duk wanda ya ce muku ku taɓa kuɗin makaranta, ko ku sa tsoho ya sayar da gona, wai za ku mayar da riba, ba ya ƙaunarku. Wanda kuma zai bar koyarwar gwaji don tafiya gasa, ya bar tsuntsun hannu ya bi na sama.

Amma fa, malamaina, ku gafarce ni, kalmar nan "wasan yara" ba ta dace ba. Hoton da ke kan allon nan sau 60 ya ke sakewa cikin daƙiƙa ɗaya, 'yan wasa kuma da wannan ma'auni su ke ƙidaya kowane naushi: wannan yana fita cikin hoto huɗu, wancan cikin goma, in an tare maka wane sai ka makara da hoto kaza. Na ga samari da littattafan rubutu cike da irin lissafin nan, sun haddace shi kamar yadda muka haddace jadawalin sau a makarantar mishan, ba kuwa wanda ya tsaya a kansu da bulala. Bayan lissafi sai karanta zuciyar abokin karawa, ka gane halinsa, ka yi masa tarko. Dattawan da ke zama gindin bishiya suna dara ba abin da su ke yi ke nan ba? Ban taɓa jin an ce da su yara ba.

Ku duba kuma waɗanda suka ci. A Street Fighter 6, wani da a ke kira AngryBird daga Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ya kā da MenaRD na Jamhuriyar Dominikan a karon ƙarshe. A Tekken 7, Arslan Ash na Lahore a Pakistan ya ɗauka. Shi Arslan ɗin nan, kafin 2019 ba mutane da yawa suka san ana buga Tekken a ƙasarsu ba. A shekarar nan ya sha wahalar biza da sauye-sauyen jirage kafin ya isa gasar Japan, ya ci, ya zo Las Vegas ya sake ci. A gidajen gem na garinsu ya koya, irin waɗanda mu ke da su a bayan kasuwa.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne wani makaho daga Holan mai suna Sven. Ya hau dandali ya ci karawarsa da kunne kawai, gama masu wasan sun sa masa sauti iri iri da ke nuna nisan abokin gaba da irin bugun da ya kawo. Ɗakin ya ɗauki sowa. Ni kuwa sai hankalina ya tafi makarantar makafi ta Gindiri. Mu da a ke koya mana yadda za mu tafi da kowane yaro a aji ɗaya, akwai abin dubawa a nan.

In an tambaye ni ina amfanin tafiyar ya ke, sai in ce a teburan gefe, inda ba alƙali, ba kyauta, kowa ya ga kujera ya zauna. Can na yi kwana biyu. Wani mutumin Japan, wanda ya kusa haifata, ya cinye ni sau goma a jere. Ba ya jin Turanci sosai, ni ba na jin Japananci. Da muka gama sai ya nuna mini da yatsa cewa duk sa'ad da aka matsa ni lungu, tsalle na ke yi. Ya sa muka maimaita wurin har na daina. Malam mai koya mana dabarun koyarwa, da ka ga darasin nan da ka ba shi maki cikakke. A gida ba na samun irin wannan, domin in ka kara da na nesa ta intanet, latsawarka takan makara, ga kuma ɗauke wuta ana tsakiyar wasa.

Na san abin da ke damun hukuma, kuma gaskiya ne. Akwai ɗalibai da ke kwana a gidan gem na cikin gari, su zo lacca ido ja wur. Akwai masu sa kuɗi a kan wasa, wannan kuwa caca ce, ba ni da abin da zan kare ta da shi. Amma hani bai hana su ba, sai dai ya kai su inda ba mai ganinsu. Ƙasashen Asiya sun riga sun ba da lambobin yabo na gem a wasanninsu na Hangzhou a 2023. Yaran da za a ba mu a aji kuma da waya a aljihu za su zo, ko mun so ko mun ƙi, malamin da bai san abin da ke cikinta ba zai sha wuyar ja musu iyaka.

Roƙona ga Shugaban Kwaleji, ranka ya daɗe, da Ƙungiyar Ɗalibai shi ne a ba mu ɗaki ɗaya ran Asabar, daga ƙarfe huɗu zuwa shida. Malamin wasanni ya riƙe mabuɗi. Ba sa kuɗi, ba zagi, mata da maza duka su shigo, wanda ya faɗi jarrabawa ya huta har ya gyara. Ƙarshen zango a yi gasa tsakanin ɗakunan kwana bisa dokar faɗuwa biyu, ni zan zana jadawalin a allo. Mun riga mun sami talabijin ɗaya da hannun gem uku, saura mai kawo na huɗu da man janareta.