Kaftani Ko Kwat? Abin Da Ya Dace Iyaye Su Sa Ranar Ɗaukaka Ƙarar Makaranta A Ingila

Duk shekara a farkon watan Maris, iyaye a Ingila sukan sami saƙon da ke sanar da su makarantar sakandaren da aka bai wa ɗansu, na firamare kuma a tsakiyar Afrilu. Cikin masu buɗe wannan saƙo gabansu na faɗuwa akwai 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram da Garwa da zangon Kumasi, waɗanda neman ilimi ko abinci ya kai su can. Wani ya dace da abin da ya nema, wani kuma a tura ɗansa makarantar da sai ya hau bas biyu kafin ya isa. Wanda bai gamsu ba, doka ta ba shi damar ɗaukaka ƙara a gaban kwamiti mai zaman kansa. Da zarar an sa masa rana, sai tambaya guda ta hana shi barci: me zan sa?

Ba mu raina wannan tambaya ba, domin mun tashi mun tarar tufafi magana ne. Ba a zuwa fada da rigar gona, ba a zuwa gaisuwar mutuwa da kwalliyar biki. Sai dai a ƙarƙashin tambayar akwai tsoro. Uba yana gudun kada kaftani da hula su sa a ɗauke shi baƙon da bai san kan gari ba, uwa kuma tana tunanin ko hijabinta zai rage wa ɗanta sa'a. Sai masu ba da shawara su ce, in ka je gari ka ga kowa da wutsiya, kai ma nemi taka ka ɗaura.

Mu a ganinmu, mutum ya je da tufafin da ya saba da su, wankakku, gogaggu, masu kamala, irin waɗanda zai sa in zai gana da shugaban makarantar ɗansa. Wanda kullum da kwat yake zuwa aiki ya sa kwat ɗinsa. Wanda kaftani ne suturarsa ya sa kaftaninsa.

Wannan zama ba kotu ba ce. Kwamitin mutum uku ne aƙalla, cikinsu akwai wanda ya san harkar ilimi da wanda ba ma'aikacin ilimi ba, tare da magatakarda mai rubuta abin da aka faɗa. Aikinsu a ƙayyade yake. Da farko su duba ko ƙa'idojin ɗaukar ɗalibai sun dace da doka kuma an bi su daidai, da ko ƙarin yaro guda zai cutar da karatun sauran. Bayan nan su auna wannan cutarwa da dalilan iyaye, su ga wanne ya rinjaya. Babu inda tufafi ya shiga wannan ma'auni, kuma dokar daidaito ta 2010 ta haramta nuna bambanci saboda addini ko launin fata. Ba mu ce zukatan mutane duka tsarkakakku ba ne. Amma maganin son zuciya shi ne hujjar da ba ta turuwa, domin wanda ya ƙi ka don hularka, in ka cire ta zai ƙi ka don sunanka.

Kuma kayan aro ba ya rufe katara. Zaman gajere ne, a cikinsa za ka faɗi damuwarka, a yi maka tambayoyi, kai ma ka tambayi wakilin makaranta. Mutumin da ya ari kwat ya ɗaura laktayen da ke shaƙe shi, rabin hankalinsa yana wuyansa, sai ya fito ya tuna maganar da ta fi muhimmanci bai faɗe ta ba.

Haka nan muna gargaɗi game da wuce gona da iri. Babbar riga mai aiki har ƙasa, da gwal a wuya da hannu, da turaren da zai cika ƙaramin ɗaki, a bar su sai ranar suna. Wanda ya zo yana cewa kuɗin bas ya yi wa gidansa nauyi, bai kamata adonsa ya ƙaryata bakinsa ba. Ko ta bidiyo za a yi zaman, a kimtsa kamar za a fita.

Lokacin da ake ɓatawa gaban madubi, takardu ne suka fi cancanta da shi. Ana bai wa iyaye aƙalla kwanakin makaranta 20 su shigar da ƙara, a kuma sanar da su ranar zama da aƙalla kwanaki 10. A nemi wasiƙar likita in yaro yana da lalura, da shaidar adireshi, da bayanin tazarar hanya, da shaidar cewa wansa ko yayarsa suna makarantar, a aika su kafin wa'adi ya cika. Wanda Turanci ke yi wa nauyi ya nemi tafinta tun da wuri, ya kuma tafi da aboki in yana so. A kuma san cewa azuzuwan yara 'yan shekara 5 zuwa 7 doka ta ƙayyade su ga ɗalibai 30 ga malami guda. A irin wannan ƙara da wuya a yi nasara sai in an gano kuskure ko hukuncin da hankali ba zai ɗauka ba, kuma babu shaddar da za ta sauya haka.

Akwai kuma mai kallon da muke mantawa da shi, wato yaron da ake yi domin shi. Idan ya ga mahaifinsa ya ɓoye hularsa a aljihu, ko mahaifiyarsa ta sauya kama don za ta gana da hukuma, ya koyi cewa shigar gidansu abin kunya ce a gaban manya. Wannan darasi zai daɗe a ransa fiye da sunan makarantar da aka ba shi ko aka hana shi.

Allah Ya ba 'ya'yanmu ilimi mai albarka a duk inda suka sami kansu, Ya kuma sa mu tsaya musu da mutuncinmu. Amin.